Dalilin da ke sa tsohuwar Peugeot 504 ta ƙi shan mai, da yadda ake gano matsalar

Tun shekarar 1975 da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna, Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta zama motar ma'aikatan gwamnati da direbobin haya. Waɗanda suka rage a hanya sun tsufa, kuma ciwon da ya fi damunsu shi ne fetur ya kasa isa inji.

Tsadar mai ta ƙara ta'azzara wannan ciwo. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Direbobi da dama suka koma zuba lita kaɗan. Tankin da ke zama kusan wayam yana tara raɓa, raɓar ta haifar da tsatsa, famfo kuma ya zuƙo dattin da ya kwanta a ƙasa.

Hanyar da mai ke bi

Fetur yana fita daga tanki ta bututu, ya ratsa filta, sannan famfon da injin da kansa ke motsawa ya tura shi cikin kafireta, inda yake gauraya da iska. Ƙwararren bakanike yana bin wannan hanya daki-daki, daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Da farko yakan tabbatar cewa matsalar ta mai ce ba ta wuta ba. Yakan ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta, ya ja da baya, sannan a tayar. Idan motar ta tashi ta sake mutuwa nan take, fulogi lafiya yake, mai ne ba ya isowa.

Daga nan sai tanki. Idan an buɗe murfinsa aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, kafar shigar iska ta toshe, shi ya sa motar ke tafiya 'yan kilomitoci ta tsaya. Filta kuwa idan ta cika da tsatsa, mota takan yi lafiya a tsaye, amma ta riƙa shaƙewa a kan hawa ko idan an taka totur.

Famfo da kafireta

Ana gwada famfo ta hanyar cire tiyon da ke shiga kafireta a sa bakinsa cikin kwalba, sannan a murza makulli. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. A cikinsa akwai faifan roba da ke tsagewa idan ya tsufa. Alamar hakan ita ce baƙin mai ya riƙa warin fetur, ko ya ƙaru a ma'auni, kuma ci gaba da tuƙi a haka yana cinye inji.

A kafireta, allurar da ke tsayar da mai idan kwano ya cika tana iya maƙalewa, sai fetur ya malala, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Ƙananan ramukan feshi kuma sukan toshe da danƙon tsohon fetur. Da iska ake busa su, domin zura waya yana faɗaɗa su, motar ta koma zuƙar mai fiye da kima.

A watannin bazara, zafin inji kan tafasa fetur cikin tiyo ya zama tururi, famfo ya kasa turawa. Motar takan tashi da kanta bayan ta huce, maganin kuwa shi ne nesanta tiyon da sassan injin masu zafi.

Idan laifin na man ne

A Fabrairun 2022, kamfanin NNPC ya amince cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙa'ida. Irin wannan sinadari yana cin tsohuwar roba yana kuma jawo ruwa. Man 'yan bumburutu ma ba shi da mai tantance shi. Sa ido kan ingancin fetur aikin hukumar NMDPRA ne, kuma duk lokacin da aka yi sakaci, mai tsohuwar mota ne ke biyan kuɗin gyara.

Dabarar ɗaure galan a kusa da inji don a kauce wa tanki tana kai mota gida, amma tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone ta ƙurmus. Wanke tanki da sauya filta da tiyo sun fi haka araha nesa ba kusa ba.