Idan Land Cruiser ta ƙi karɓar giya: kuloci ne ko akwati?

Direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san tashin hankalin tsohuwar Land Cruiser da ta ƙi karɓar giya a tsakiyar rairayi. Amma kafin bakanike ya sauke akwatin giya, akwai gwajin da ba ya cin ko dala.

A kashe inji, a taka kuloci, wato ambarayaji, a gwada kowace giya. Idan duk sun shiga lafiya, amma da an tayar da inji sai su riƙa gurzawa, musamman giyar baya, to kulocin ne ba ya saki sosai. A duba ɗan tulun mansa, wanda man birki ake zuba masa. In sai an taka sau uku ko huɗu giya ke shiga, iska ce a bututu ko mai na yoyo, gyaran kuma ba tsada.

Idan giya ɗaya tak ke gurzawa, laifin na cikin akwati ne. In kuwa inji na ruri, mota ba ta ja, ga ƙauri na tashi, faifan kuloci ya cinye. In babu ƙauri, a fara tabbatarwa ƙaramar sandar katkat ba ta tsaya a N ba.