Tsohuwar Taswira Ba Takardar Banza Ba Ce

Duk wanda ya buɗe tsohuwar taswirar Gombe ta ma'aikatar safiyo zai ga layin dogo ya ratso daga Bauchi, ya bi ta Bajoga, ya nufi Maiduguri, inda ya isa cikin 1964. Kewayen garin kuwa sai alamun gonaki da tuddai da ƙoramu, ƙasar auduga da dawa.

Tun da Gombe ta zama hedkwatar jiha cikin 1996, gine-gine suka cinye gonakin, unguwanni irin su Madaki suka cika maƙil. Amma fa ruwa ba ya manta hanyarsa, shi ya sa kwazazzabai ke cin gidaje da damina.

Ya kamata hukuma ta duba taswirorin nan tukuna kafin ta yanka wa jama'a fuloti.