Elisabeta Lipă: Shekara Ashirin Tsakanin Zinariya ta Farko da ta Ƙarshe

A garin Siret, can arewacin Romaniya dab da iyakar Yukiren, aka haifi Elisabeta Oleniuc a shekarar 1964. Ba garin teku ba ne, amma daga wannan yanki na arewa maso gabas Romaniya ta samo da yawa daga cikin gwanayenta mata na tseren kwale-kwale. A zamanin mulkin Ceaușescu masu horarwa kan bi makarantun karkara suna neman 'yan mata dogaye masu faɗin kafaɗa, a kwaso su a kai su sansanin horo, mafi shahara shi ne na tafkin Snagov kusa da Bukares.

Elisabeta tana da shekara 19 ta je gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjeles. Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun ƙaurace wa gasar, Romaniya kuwa ta yi kunnen uwar shegu ta tafi. Matanta suka lashe biyar daga cikin tsere shida na kwale-kwale, ciki har da na mutum biyu, inda Elisabeta da Marioara Popescu suka ɗauki zinariya. Masu ƙorafi na cewa ai don Jamus ta Gabas ba ta zo ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai abin da ya biyo baya ya rufe musu baki.

A Seoul a 1988, bayan an ninka nisan tseren mata daga mita 1,000 zuwa 2,000, Elisabeta ta dawo da azurfa da tagulla. A 1989 ta zama zakarar duniya ita kaɗai a jirgi, sannan a gasar Basalona ta 1992, da sunan aurenta Lipă, ta ci zinariyar tseren mutum ɗaya.

A ganina, abin da ya fi ba da mamaki ya zo ne bayan nan. Mai tuƙi ita kaɗai tana riƙe da filafili biyu, ita ce mai yanke wa kanta lokacin ƙara wuta. A jirgin mutum takwas kuwa kowace filafili ɗaya gare ta, duk sun juya wa inda suka dosa baya, mai riƙe da akala ce kawai take ganin gaba tana kiran bugu. Idan filafilin mutum ɗaya ya riga na saura shiga ruwa ko da ƙiftawar ido, jirgin zai karkace, ƙarfin takwas ya tafi a banza. Gwanar da ta saba cin gashin kanta ta shiga wannan sahu, ta daidaita numfashinta da na 'yan baya, har suka ci zinariya a Atlanta a 1996, da Sidni a 2000, da Atens a 2004 tana da shekara 39. Jimilla lambobi takwas a gasar Olamfik shida: zinariya biyar, azurfa biyu, tagulla ɗaya.

Da ta ajiye filafili ba ta yi nisa da ruwa ba. A 2008 hukumar wasan ta duniya ta ba ta lambar girmamawa ta Thomas Keller, a 2009 ta karɓi shugabancin hukumar tseren kwale-kwale ta ƙasarta, daga 2015 zuwa farkon 2017 kuma ta riƙe kujerar ministar matasa da wasanni. Jirgin matan Romaniya mai mutum takwas bai sake ɗanɗana zinariyar Olamfik ba sai a Faris a 2024.