2.4 Bambancin Laima da Iska Tsakanin Kano da Legas

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, ma'aunin zafi kaɗai ba ya isa a gane yanayin wuri. Dole a duba laimar da ke cikin iska, da kuma inda iskar ta fito. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iskar hunturu kan taso daga Sahara ta arewa maso gabas, har laimar Kano ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ita kuwa Legas, saboda iskar da ke fitowa daga Tekun Atilantika, laimarta kan haura kashi 70 a mafi yawan watanni.

Wannan ne ya sa Bakanen da ya koma Agege yakan yi kukan zafi, alhali zafin bazarar Kano ya fi na can. Dalili shi ne gumi ba ya saurin bushewa a iska mai laima, saboda haka jiki ba ya hucewa. Haka kuma kilishi da kayan fata sukan yi fumfuna idan aka ajiye su yadda aka saba a gida. Fataken goro sun daɗe da sanin kishiyar wannan, shi ya sa suke lulluɓe goro da ganye suna yayyafa masa ruwa idan sun nufo Arewa.