Gaisuwa da Goro: Sunayen Kuɗin Ƙuri'a a Zaɓen 1951 da na 1959

Hausa ba ta rasa sunan wannan ɗabi'a ba: akwai cin hanci, akwai toshiyar baki, ga kuma rashawa da aka aro daga Larabci. Amma da zaɓe ya shigo Jihar Arewa, ba da waɗannan sunaye kuɗin ƙuri'a ya yi yawo ba. Gaisuwa ake ce masa, ko goro, sunayen da har yau ake ji a unguwannin Kaduna irin su Kawo da Rafin Guza.

A al'ada gaisuwa sama take hawa, watau talaka ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Zaɓe ne ya juya ta, har mai neman kujera ya koma gaida na ƙasa da shi. Tun da yake mayar da kyauta abin kunya ne, wanda ya karɓa sai ya ga an ɗaure shi da igiyar mutunci, alhali ciniki aka yi.

Tsarin zaɓen 1951 ya sauƙaƙa wannan. Hawa-hawa aka yi shi: unguwa ta zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi waɗansu, har a kai ga majalisar lardi mai tura mutane Kaduna. A birnin Kano jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta yi rinjaye a matakin farko, amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisa ba. Babban dalili shi ne ikon da aka bai wa En'e na cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Ga shi kuma masu zaɓe na raguwa a kowane hawa, mutum kaɗan kuwa ba su da wuyar gaisarwa.

A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, wanda maza kaɗai suka yi a Arewa, kowane ɗan takara da akwatinsa a ɗakin asiri: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Nan takardar ƙuri'a ta zama haja. Mutum na iya shiga ya ƙi jefawa, ya fito da ita a aljihu, ya miƙa wa dillali, ya karɓi goronsa. Dillali ya tara, ya aika amintacce ya zuba su gaba ɗaya. Sai a 1979 aka koma ga takarda guda mai ɗauke da alamun jam'iyyu duka, a dangwala a ɓoye, a jefa a akwati ɗaya a gaban jama'a.