Komawa ga Tuwo Bayan An Ƙaurace Masa

A shekarar 1863 wani dattijo mutumin birnin Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa ita ce shirya jana'iza da haɗa akwatunan gawa, har da na gidan sarautar Ingila, ya buga wata 'yar ƙasida da kuɗin aljihunsa ya rarraba wa jama'a kyauta, ya ba da labarin yadda ƙiba ta addabe shi har ta kai ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalminsa, kuma idan zai sauko daga bene sai ya juya ya sauko da baya saboda gwiwoyinsa. Ya gwada tuƙin kwalekwale, ya gwada hawan doki, ya sha magunguna iri-iri, duk ba a ga biyan bukata ba, sai ranar da ya je wurin wani likitan kunne mai suna William Harvey don kurumta da ta soma kama shi, likitan kuwa ya dube shi ya ce ya bar burodi da man shanu da madara da sukari da giya da dankali. Cikin shekara guda nauyinsa ya ragu da fam 46, wato kimanin kilo 21. Daga wannan ƙasida ce dabarar rage ƙiba ta hanyar ƙaurace wa sitaci da sukari, abin da likitoci ke kira kabohaidiret, ta shahara a ƙasashen Turai; ta yi ta ɓoyewa tana sake bayyana, har Robert Atkins, likitan zuciya a birnin Niyok na Amurka, ya raya ta da littafinsa na 1972, ga shi kuma yau ta iso garuruwanmu, inda za ka tarar da magidanci ya ture malmalar tuwo gefe yana cin miya da nama kawai, iyalinsa suna kallonsa suna mamaki.

Barin sitaci, duk da wuyar da ake ba shi, shi ne mafi sauƙin ɓangaren al'amarin, domin wanda ya ɗaura niyya yana iya jure mako biyu ko wata guda, musamman tun da sikeli yakan yi masa albishir da wuri. Mushkilar tana wajen komawa. Da wuya a sami mahalukin da zai dawwama shekara da shekaru a kan giram 20 na sitaci a yini, wato matakin farko na tsarin Atkins, balle a ƙasar da tuwo da fura da koko su ne ginshiƙin ci da sha, saboda haka ko ba daɗe ko ba jima sai ya koma. Abin tambaya shi ne ko zai koma da tsari, yana ci gaba da raguwa, ko kuwa zai auka wa akushi a dare guda ya rushe abin da ya gina.

Kafin a fahimci hikimar komawa sannu a hankali, wajibi ne a san wani sirri na halittar ɗan Adam wanda Claude Bernard, masanin Faransa, ya gano a 1857, kuma shi ne malamin da Harvey ya saurari laccocinsa a birnin Faris. Jiki ba ya ƙone dukkan sukarin da ya samu nan take. Yakan adana wani kaso a sifar da ake kira gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta, da kimanin giram 400 a tsokoki, kuma kowane giram guda na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram uku, tamkar garin kwaki da aka jiƙa ya kumbura ya ninka nauyinsa. To, idan mutum ya yanke sitaci, abin da jiki zai fara yi shi ne ya cinye wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari, ga shi ƙoda ma takan ƙara zubar da gishiri idan insulin ya ragu a jini. Wannan ne sababin da ya sa kilo biyu kan zube a makon farko, shi ne kuma sababin ciwon kai da kasala da jiri da masu wannan tsari kan yi kuka da su a kwanakin farko. Galibin abin da ya tafi a wannan mako ruwa ne, kitse bai ko motsa sosai ba tukuna.

Haka al'amarin yake idan an juyo. Ɗauki mutumin da ya yi wata biyu yana kiyayewa, sai ɗaurin auren ƙanwarsa ya zo ranar Asabar, ya ci waina da miyar taushe da safe, ya ci shinkafa da rana, ya kora da lemon kwalba. Ranar Litinin ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya da rabi ya dawo, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce ashe duk wahalar banza ce, ya watsar da tsarin baki ɗaya. Alhali da ya yi ɗan lissafi da ya gane sikelin ne ya ruɗe shi, domin kilo guda na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, baligi kuwa yakan ƙone 2,000 zuwa 2,500 a yini, don haka ba zai yiwu cin yini guda ya haifar da kitse kilo ɗaya da rabi ba. Ajiyar hanta da tsoka ce ta cika, ta jawo ruwanta. Fa'ida ta farko ta tadriji ke nan: idan an ƙara sitaci kaɗan-kaɗan, ruwan ma kaɗan-kaɗan zai dawo, ba zai firgita mai shi har ya yanke ƙauna ba.

Atkins, duk da yawan sukar da ya sha daga 'yan'uwansa likitoci, kuma wani sashe na sukar gaskiya ne, ya fahimci wannan babi fiye da yawancin mabiyansa, waɗanda suka haddace darasin farko suka rufe littafin. Tsarinsa hawa huɗu ne. A hawa na farko, mako biyu, ba a wuce giram 20 a yini, kuma yawancinsa daga ganyaye. A na biyu sai a ƙara giram biyar a kan abincin yini, a tsaya a kansa mako guda cur ana lura, in nauyi na ci gaba da sauka a ƙara wasu biyar a mako mai zuwa, haka-haka har a kai inda saukar ta tsaya, sa'an nan a ja da baya taki guda. Wannan wurin shi ne haddin mutum, kuma kowa da nasa, domin manomi ko ɗan dako mai aiki da tsoka yana iya ɗaukar ninkin abin da ma'aikacin ofis mai wuni a kujera zai ɗauka. Idan saura kamar kilo huɗu ko biyar a kai ga nauyin da ake nema, sai a shiga hawa na uku, ana ƙara giram goma-goma, da gangan ake rage saurin saukar don jiki da ɗabi'a su saba. Na huɗu kuwa zama ne a kan abin da aka samu har iyakar rai. Ɗalibin ilimi ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da ya san ko haramcin giya bai sauka a lokaci guda ba, mataki-mataki ya zo, saboda sanin halin ɗan Adam game da abin da ya saba.

Sai dai giram biyar abu ne ƙanƙani ƙwarai, kuma a nan ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe, don suna zaton ƙarin yana nufin rabin faranti. Ƙaramin cokalin shayi na sukari giram huɗu ne. Ƙaramin dabino guda ya kai biyar ko shida. Yankan burodi guda, siriri irin na kanti, yana tsakanin 13 da 15. Ayaba matsakaiciya wajen 25. Lemon kwalba guda ya haura 35, wato ya kusa ninka rabon yini na hawa na farko. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kimanin 28, farantin da muka saba cikawa kuwa ya ninka haka sau uku. Garin dawa ko na masara kusan kashi saba'in cikin ɗari nasa sitaci ne, don haka malmalar da aka tuƙa da gari giram 100 tana ɗauke da wajen giram 70. Wanda ya ce zai fara komawarsa da tuwo, ashe ke nan ya tsallake matakala goma sha huɗu a tsalle guda.

Saboda haka tertibin abin da ake dawowa da shi ya fi adadinsa muhimmanci. A fara da ƙarin ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yalo, waɗanda ke cika ciki, harzarsu kuma tana maganin taurin bayan gida da ke damun masu wannan tsari. Daga nan gyaɗa da riɗi da agushi, sai nono ko kindirmo wanda ba a zuba wa sukari ba, rabin kofi tukuna. Bayan su wake, ko dafaffe ko alale, kuma a ganina wake shi ne gadar da ta fi dacewa da mu, domin yana da sitaci amma yana tafe da furotin da harza masu jinkirta shigarsa jini, ga ƙosarwa, ga araha. Sai 'ya'yan itatuwa marasa zaƙi ainun kamar gwaba da gwanda da lemon zaƙi a ci shi da ɓargonsa maimakon a matse, a bar mangwaro da ayaba da dabino zuwa gaba. Sai kabewa da dankali da doya. Hatsi shi ne na ƙarshe, kuma a fara da wanda ba a surfe shi ƙwarai ba, kamar dambun gero ko faten acca mai yawan ganye, domin tun 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya nuna cewa abinci biyu masu sitaci daidai wa daida suna iya bambanta nesa wajen saurin ɗaga sukarin jini, kuma niƙa da tacewa suna daga cikin abin da ke ƙara wannan sauri. Sukarin shayi da lemon kwalba da farin burodi kuwa, babu wata larura da ta wajabta su dawo.

Mai karatu yana da haƙƙin ya nemi hujja, ga kuwa mafi kusa da batunmu. A 2018 Christopher Gardner da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 609 masu ƙiba waɗanda ba su da ciwon sukari. An raba su gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka umarci kowane gida ya sauka zuwa giram 20 a yini na tsawon mako takwas, sa'an nan aka ce kowa ya riƙa ƙara giram biyar zuwa goma sha biyar duk mako har ya kai mafi ƙarancin abin da yake ganin zai iya dawwama a kai; an kuma umarci duka biyun su yawaita ganye, su nisanci sukari da tataccen gari. Da shekara ta zagayo, masu rage sitaci sun hau zuwa kimanin giram 130 a yini, fiye da ninki shida na inda aka ce su fara, amma duk da haka matsakaicin abin da suka rage kilo 6 ne, masu rage maiƙo kuma kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hukunci a kansa ba. Abu biyu na fahimta daga wannan. Na ɗaya, dawowar sitaci da tsari ba ta hana raguwa. Na biyu, wanda ba zai yi wa masu tsananin ra'ayi daɗi ba, sitaci ba shi kaɗai ne mai laifi ba, kuma ba a ga alamar wani sihiri a giram 20 ba. A kowane gida an sami wanda ya zubar da wajen kilo 30, an kuma sami wanda ya ƙaru da wajen kilo goma.

Na san a gidajenmu, inda tukunya guda ake ɗorawa don mutum goma kuma sau da yawa a kwano guda ake sa hannu, ƙirga giram aiki ne da ba kowa zai iya ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa uwargida girki biyu. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya keɓe ludayi guda ko mara guda ya mai da ita ma'auninsa, ya ƙara abu iri ɗaya tak a kowane mako don in an sami matsala ya san daga ina ta fito, ya fara cin ganye da nama ko kifi kafin ya taɓa sitacin, ya kuma ɗan taka bayan cin abinci ko da zuwa masallaci ne da dawowa, tun da tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini. Sikeli kuwa a hau shi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, a haɗa da auna ƙugu da tef ɗin tela. Akwai alamomin da suka riga sikeli magana: idan yunwa mai tsanani ta soma dawowa awa biyu bayan cin abinci, ko kwaɗayin zaƙi ya farka, ko gyangyaɗi ya riƙa kama mutum bayan azahar, to an yi gaggawa, a koma matakin makon jiya a ƙara zama a kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura wani al'amari da ya shafi masu gwada sukarin jininsu a gida. Tun shekarun 1930 likitan Ingila Harold Himsworth ya nuna cewa jikin da ya daɗe bai sami sitaci ba yakan yi nawa wajen sarrafa shi idan ya zo masa kwatsam, sai sukari ya hau fiye da ƙima na ɗan lokaci, kafin jiki ya sake sabawa cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ya sa ake umartar wanda za a yi wa gwajin shan ruwan gulukos a asibiti ya ci sitaci aƙalla giram 150 a yini har kwana uku kafin gwajin, don kada a laƙaba masa ciwon da ba shi da shi. Amma mai ciwon sukari na haƙiƙa, wanda ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke sukari, hukuncinsa daban ne, domin an auna maganinsa a kan abin da yake ci, kuma duk ragi ko ƙari a sitaci yana bukatar a sake auna maganin, in ba haka ba sukari ya faɗi har ya suma, ko ya hau ya yi ɓarna. Shi da mai shan maganin hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu ko mai shayarwa, kada ɗayansu ya shiga wannan tsari ko ya fita daga cikinsa sai da sanin likitan da ke duba shi.