Tseren Zagaya Duniya a Talabijin: Ina Rabon Mai Masauki?

Da yawa daga cikinmu sun taɓa zama gaban akwatin talabijin suna kallon mutane bibbiyu, jaka a baya, suna rige-rige daga wannan ƙasa zuwa waccan. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan shirye-shirye shi ne The Amazing Race, wanda gidan talabijin na CBS a Amurka ya fara nunawa a 2001. Galibi ƙungiya 11 ce ke fara tseren, wadda ta riga kowa isa kuma ta tafi da dala miliyan 1.

Akwai abin da ido ba ya gani. Kowace ƙungiya tana tafe ne da mai ɗaukar hoto da mai ɗaukar murya, saboda haka kujerar mutum huɗu ake nema a jirgi, ba ta biyu ba. Tun kafin 'yan tsere su iso, an riga an bi hanyar an tsara kowane aiki. Daga baya kuma a zauna a tace hotunan, a zaɓi fuskar da za mu so da wadda za mu ƙi.

Da tafiya ta yi tafiya, sai salon ya canza. Shirin Pékin Express na Faransa, wanda ya soma a 2006, yuro 1 tak yake ba kowane ɗan tsere a rana. Mota da wurin kwana sai dai ya roƙa a hannun mutanen gari. Na BBC kuwa, Race Across the World, da ya fito a 2019, ya hana shiga jirgin sama da riƙe wayar salula.

To, a nan gizo ke saƙa. Manomin da ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya raba tuwonsa biyu, don Allah ya yi. Amma baƙon nan ba mabukaci ba ne, ɗan gasa ne, bayansa kuma akwai kamfani mai sayar da talla. Wa ya ci ribar wannan alheri? A 2010 tseren Amurka ya ratsa kasuwar Makola da ke Accra, inda 'yan tsere suka yi tallar tabarau. Sana'ar da wani ke ciyar da iyalinsa da ita ta zama wasan yini guda.

Har rai ma yakan salwanta. A watan Maris na 2015, jiragen sama masu saukar ungulu biyu sun yi karo a Ajantina lokacin ɗaukar shirin Dropped na Faransa, mutum 10 suka rasu.

Ba cewa muke yi kallon zunubi ne ba. Yaranmu suna sanin ƙasashe da al'adu ta wannan hanya. Sai dai Ibraniyawa 13:2 da ta umarce mu da karɓar baƙi ba ta ba baƙo izinin mai da mai masaukinsa tsani ba. In mun zauna kallo da iyali, mu tambayi yara: wa ya tuƙa motar, wa ya dafa abincin, an kuwa gode masa? Mu ma matafiya ne a duniyar nan. Ubangiji ya ba mu idon ganin maƙwabcinmu, amin.